Dogon Mutum, Gajeren Babur

A shekarar 2002, a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya a Amurka, wani tsohon gwanin tseren mota mai suna Dan Gurney ya baje kolin wani babur da ya laƙaba wa suna Alligator. Sirdinsa bai wuce santimita 46 daga ƙasa ba, mahayi yana zaune a bayan inji maimakon samansa, ƙafafunsa kuma miƙe a gaba. Guda 36 kacal aka ƙera, kowanne a kan dala wajen 35,000, bayan Gurney ya shafe kusan shekara 20 yana ɗaurawa yana kwancewa. Ba komai ya jefa shi cikin wannan wahala ba illa tsawonsa: mita 1 da santimita 93. Tun a 1967, lokacin da ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, sai da makanikan Ford suka bubbugo rufin motar ya yi tozo kafin hular kwanonsa ta sami wurin shiga.

Ba kowane dogo ne ke da masana'anta a bayan gida ba. Abin da sauran dogaye suke yi ya fi wannan araha nesa ba kusa ba: su kwance matakan ƙafa biyun da babur ya zo da su, su ɗaura wasu da suka sauka ƙasa da santimita 2, 3 ko 4. Tazarar ba ta fi faɗin yatsu biyu ba, amma duk wanda ya taɓa yin awa uku gwiwarsa a naɗe, har ya sauka a gidan mai yana ɗingishi, ya san darajarta. A Jamus da Amurka da Italiya akwai kamfanonin da wannan 'yar tazara na cikin abin da ke ciyar da su. Abin mamakin shi ne a ce na'urar da aka haura shekara 130 ana yi wa kwaskwarima har yau ba ta iya karɓar ƙafar kowa ba.

Mahayin doki bai san wannan matsala ba. Likkafa a rataye take, dogo ya sassauta, gajere ya ɗage, kafin a ƙifta ido an gama. Babur ya gaji sirdi daga doki, amma wannan sauƙin ya zube masa a hanya. Wuri uku jikin mahayi ke taɓa babur: sirdi, hannu da mataki. Duk wanda ya bi tarihin na ukun zai ga kusan kullum wani abu ne daban ke yanke hukuncin inda za a kafa shi. Yau feda, gobe giya, jibi kwana ko kasuwa. Ƙafar mai hawa ita ce ta ƙarshe da ake shawara da ita.

Baburan farko ma ba su yarda da juna a kan lamarin ba. Wanda Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka harhaɗa da katako a Cannstatt a 1885, sirdi irin na doki aka ɗora masa, ga wasu ƙananan tayoyi biyu a gefe don kada ya kife. Na Hildebrand da Wolfmüller, wanda aka fara sayarwa a birnin Munich a 1894, ba shi da feda sam: mutum ya tura da gudu, in ya kama ya daka tsalle ya haye. Sai dai ba wannan zuri'a ce ta yi rinjaye ba, zuri'ar keke mai inji ce. 'Yan'uwan nan biyu, Michel da Eugène Werner, da ke sana'arsu a Paris, sun fara ɗora inji a saman tayar gaba a 1897, babur ya riƙa zame wa mutane a jiƙaƙƙen titi, sai a 1901 suka sauko da shi ƙasa tsakanin tayoyi biyu, inda yake har gobe. Indian a 1901, Triumph a 1902, Harley-Davidson a 1903, duk da feda suka fito. Da ita ake tayar da inji, da ita kuma ake agaza masa idan an zo hawan tudu ya fara tari. Ƙafa ba ta da zaɓi ke nan, tana inda fedar keke take. Amma dogo na wancan zamani ba shi da kuka, tunda sirdin a kan sanda yake, noti ɗaya zai kwance ya ɗaga abinsa.

Tsere ne ya fara korar feda. A gasar farko ta tsibirin Man, a 1907, Charlie Collier ya zo na ɗaya a rukunin masu silinda ɗaya a kan Matchless mai feda, Jack Marshall ya biyo bayansa a kan Triumph marar feda. Aka yi ta gunaguni cewa cinyar Collier ce ta taya injinsa cin gasa. A shekara ta gaba aka haramta feda, Marshall kuwa ya lashe. Sauran aikin kik da kuloci da giya ne suka ƙarasa shi. Alfred Scott na garin Bradford yana cikin na farko da suka sa wa babur kik. A 1914 Harley-Davidson ta shimfiɗa wa mahayi farantin taka ƙafa, a 1915 kuma Triumph ta fito da samfurin H mai kik da giya uku, ba feda, wanda aka kai wa sojojin ƙawance kimanin guda 30,000 a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Amurka ƙasa ce ta doguwar tafiya da miƙaƙƙun hanyoyi, sai ta riƙe faffaɗan faranti wanda tafin ƙafa zai kwanta a kai, a matsa gaba, a ja baya idan an gaji. Ƙafar hagu ke taka kuloci, giya kuwa da hannu ake sa ta a gefen tanki. Ingila, mai ƙananan hanyoyi masu yawan lanƙwasa, ta zaɓi guntun ƙarfe sanye da roba. Akwai wani abu da masu hawa na yau suka manta game da baburan Ingila na da: da yawansu matakansu masu juyawa ne. Ƙarfen da ke riƙe da matakin a kan haƙora yake zaune, a sassauta noti a juya shi haƙori ɗaya ko biyu, ya sauka ko ya hau, kuma kamfanoni suna rubuta hakan cikin takardun talla da alfahari. Mai kuɗi kuwa har awon jiki ake yi masa. George Brough na Nottingham yana ƙera Brough Superior ne daidai da buƙatar mai saye, shi ya sa T. E. Lawrence, wanda ake kira Lawrence na Larabawa, mutum gajere mai tsawon santimita 165, aka sa wa nasa ƙaramar tayar baya don ƙafarsa ta isa ƙasa. A kan irin wannan babur ya yi haɗarin da ya zama ajalinsa a Dorset a watan Mayun 1935.

Abin da ya ɗaure mataki wuri ɗaya shi ne saukowar giya daga hannu zuwa ƙafa. Harold Willis na kamfanin Velocette ya ƙirƙiro giyar da ake taɓawa sau ɗaya ta shiga lamba ɗaya, sandar ta dawo inda take, kuma da ita babur ɗin tseren kamfanin mai suna KTT ya fito kasuwa a 1929. Mahayi ya daina sakin hannu ana tsakar gudu. Cikin 'yan shekaru duk Turai ta kwaikwaya, Harley kuwa ta yi ta jan ƙafa har 1952 kafin ta ba masu manyan baburanta wannan zaɓi. Ko bayan nan ba a daidaita ba, domin na Ingila giyarsu a dama take, na Japan a hagu, wanda ya sauya babur sai ya je taka birki ya sa giya. Dokar gwamnatin Amurka ce ta raba gardama: daga baburan 1975, giya a hagu, birkin baya a dama, kuma dole kowane mazauni ya kasance da matakinsa. Norton da Triumph, suna cikin halin mutu-kwakwai-rai-kwakwai, sai da suka ratsa sanda ta cikin babur don su maido da giyar hagu.

Tun daga lokacin da yatsun ƙafa suka sami aikin yi, mataki ya daina zama wurin hutu kawai. Wanda ya motsa shi, dole ya motsa sandar giya da ta birki. A daidai wannan zamani, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sirdi mai sifirin ya ba da wuri ga doguwar kujerar soso ta mutum biyu, wadda ake ɗaurewa a jikin babur ba ta hawa ba ta sauka. Ƙofa biyu suka rufe wa dogo a lokaci guda.

Sai kuma maganar gudu, wadda ta fi komai tura mataki sama da baya. Dalili na farko iska ce. Wanda ya kai wannan tunani maƙura shi ne Rollie Free, Ba'amurken da a ranar 13 ga Satumba, 1948, a filin gishiri na Bonneville, ya tuɓe rigar fata ya rage daga shi sai wandon iyo, ya kwanta rub-da-ciki a kan madigadin bayan wani babur ƙirar Vincent, ƙafafunsa miƙe a iska ba sa taka komai, ya yi gudun kilomita 241 da ɗoriya a awa. Ba wanda zai je kasuwa a haka, amma darasin ya zauna: wanda ke son gudu ya kwanta a kan tanki, kuma ba a kwanciya a kan tanki ƙafa tana gaba, sai an ja ta baya.

Dalili na biyu kwana ce, kuma shi ne mai ƙarfi. Babur ba ya shan kwana a tsaye, sai ya kwanta. Iyakar kwanciyarsa kuwa ita ce inda wani ƙarfe ya fara taɓa kwalta, kuma galibi mataki ne ke fara taɓawa. Ɗaga shi sama na nufin ƙarin kwanciya, ƙarin kwanciya na nufin ƙarin gudu a kwana. A shekarun 1950 da 1960 samarin Landan da ke taruwa a shagon shayi na Ace, a bakin titin North Circular, suka ɗauko wannan salo daga filin tsere suka kawo shi titi. An buɗe shagon a 1938 don direbobin manyan motoci, ba ya rufewa dare da rana, shi ya sa ya zama matattarar yaran da burinsu a duniya shi ne allurar gudu ta taɓa mil 100, wato kilomita 160. Sukan cire hannun babur na asali su maƙala gajeru biyu can ƙasa, su ja matakai baya, su juya sandar giya ko su haɗa ta da 'yan ƙarafa. Wasu kan ɗauki injin Triumph su dasa a gangar jikin Norton, su kira shi Triton. 'Yan kasuwa irin su Paul Dunstall suka ga akwai ci, suka shiga ƙera waɗannan kaya ana saye a kanti. Sana'ar sauya wa babur mataki a nan ta yi ƙarfi, kuma abin dariyar shi ne ta fara ne da ƙuntata wa gwiwa, ba da sassauta mata ba. Yaro ɗan shekara 19 da zai yi tafiyar minti biyar ya dawo ya sha shayi, ina ruwansa da ciwon gwiwa?

Ita kanta gangar jikin Norton ɗin, wadda Rex McCandless na Belfast ya zana aka fara tsere da ita a 1950, ta sha ƙorafi daga ɗaya ɓangaren: faɗinta na buɗe cinyar gajeru har ƙafarsu ta kasa isa ƙasa. A 1960 kamfanin ya matse ta. Kukan gajere ya riga na dogo isa kunnen masana'anta, kuma haka abin zai ci gaba.

Taya ta ƙara rura wutar. Duk lokacin da roba ta ƙara riƙe kwalta, babur ya ƙara kwanciya, mataki ya ƙara hawa. Jarno Saarinen na ƙasar Finland ya zo da salon zamewa daga sirdi zuwa cikin kwana a farkon shekarun 1970, Kenny Roberts na Amurka ya ɗora a kai har gwiwarsa na gogar ƙasa, yana nannaɗe ta da salatif, ya kuma ci kambun duniya sau uku a jere daga 1978 zuwa 1980. A 1985 Suzuki ta saki GSX-R750, babur na tsere da aka sa wa fitila da lamba aka ce a hau titi. Daga nan aka shiga shekara ashirin na rububin irinsa tsakanin kamfanonin Japan huɗu, kowace shekara babur na ƙara ƙanƙancewa, diddigen mahayi na ƙara kusantar mazauninsa. Baburan gasar MotoGP na yau suna kwanciya fiye da digiri 60. Mai saye na titi ba zai taɓa kaiwa rabin hanyar wannan ba a tafiyarsa ta zuwa aiki, amma da gwiwarsa yake biyan kuɗin kamannin.

Amurkawa sun bi ta ɗaya gefen. Tsofaffin sojoji da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa sayen rarar baburan Harley suna yanke duk abin da suka ga nauyi ne kawai, daga baya aka shiga tsawaita ƙafar gaba, a ɗaga hannu sama, a sauke sirdi ƙasa, a kafa wasu matakai can gaban inji don miƙe ƙafa a babbar hanya. Fim ɗin Easy Rider na 1969 ne ya yaɗa wannan siffa a duniya, da baburan da wasu baƙaƙen fata biyu na Los Angeles, Ben Hardy da Cliff Vaughs, suka haɗa daga tsofaffin baburan 'yan sanda, kodayake an shafe shekaru ba a ambaton sunansu. Kamfanin Harley ya bi sawun 'yan gareji: Low Rider a 1977 mai sirdi ƙasa da santimita 70, sai Wide Glide a 1980 wanda giya da birki suka koma gaba tun daga masana'anta. A ido wannan aljannar dogo ce. A jiki kuwa da sauran magana. Idan ƙafa na gaba ba ta ɗaukar nauyin komai, duk nauyi a tsatso yake sauka, kuma idan rami ya ɓullo ba dama mutum ya ɗan ɗaga jikinsa, sai dai ƙashin baya ya karɓa. Irin waɗannan babura da dama tun kafin su kai digiri 30 na kwanciya ƙarfe ke fara tartsatsi a kwalta.

Ba a filin tsere kaɗai gizo ke saƙa ba, har da ɗakin sayar da babura. Mai saye yakan hau babur a tsaye, injin a kashe, abu na farko da zai duba shi ne ko tafin ƙafarsa ya dira ƙasa. Idan bai dira ba, ya sauka ya nufi wani. Dogo kuwa ƙafarsa ta dira, ya biya ya tafi, ba zai gane an cuce shi ba sai bayan kilomita 200. Kamfani ya san wanne ne a cikinsu ke hana ciniki, don haka sai ya sauke sirdi. Mataki ba zai biyo shi ƙasa ba saboda kwana. Abin da ke tsakani, wato wurin naɗe ƙafa, shi ake matsewa. Su kuma mutane ba tsayawa suka yi ba. Binciken masanin tattalin arziki Timothy Hatton ya nuna matsakaicin tsawon mazan Turai ya ƙaru da kusan santimita 11 tsakanin waɗanda aka haifa a shekarun 1870 da na wajajen 1980. Namijin Holan a yau yana kai santimita 183 a matsakaici, na Japan wajen 171, ga shi kuwa babur ɗaya ake jigilar wa su biyun.

Sauƙi ya zo wa dogaye daga inda ba a zata ba, daga hamada. A ranar 26 ga Disamba, 1978, ayarin farko na gasar Paris zuwa Dakar da Thierry Sabine ya shirya ya tashi, ya ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, ya shigo Nijar ta Agadas da Yamai, ya bi ta Gao da Bamako. Cyril Neveu ne ya ci a kan Yamaha XT500. Rairayi da duwatsu suna buƙatar babur mai dogayen ƙafafu, cikinsa nesa da ƙasa, sirdi a sama. BMW ta fito da R80 G/S a 1980, Yamaha kuma a 1983 ta raɗa wa nata sunan hamadar Tenere. Wannan karon gajeru ne suka ji a jikinsu. Gaston Rahier na Beljiyam, mai tsawon santimita 164, wanda ya ci gasar a 1984 da 1985 a kan wata ƙatuwar BMW, yakan tayar da ita yana tsaye a gefe, ya sa giya ya bi ta da gudu, ya taka mataki ya haye.

Irin wannan tuƙi a tsaye ake yin rabinsa, don haka mataki ya koma abin da ke ɗauke da mutum gaba ɗaya. Aka cire masa roba, aka faɗaɗa shi, aka yi masa haƙora don takalmi ya kama ko da laka. A nan ma dogo ya sami sabon dalilin sauke shi: idan ya miƙe tsaye hannun babur na yi masa ƙasa, sai ya yi ta tafiya a duƙe, amma da mataki ya sauka santimita 2 sai bayansa ya ɗan miƙe. Kamfanonin Jamus irin su Touratech, wanda aka kafa a 1990, da Wunderlich da SW-Motech, sun cika kundin kayansu da irin waɗannan matakai. Kasuwar ta bunƙasa bayan 2004, lokacin da aka nuna tafiyar Ewan McGregor da Charley Boorman daga Landan zuwa New York ta gabas a kan BMW, dubban magidanta suka ga su ma za su iya. Shekaru ma sun taimaka. Alƙaluman ƙungiyar masana'antun babura ta Amurka sun nuna matsakaicin shekarun mai babur a ƙasar ya tashi daga 32 a 1990 zuwa 50 a 2018. Gwiwar ɗan hamsin ba ta karɓar uzuri, aljihunsa kuma ya fi na ɗan ashirin nauyi.

Masu ƙaramin ƙarfi ma sun gano tasu dabarar. Wasu baburan Buell, waɗanda Erik Buell ke ƙerawa a jihar Wisconsin kafin Harley, mai kamfanin, ta rufe shi a 2009, suna da mataki mai lanƙwasa ƙasa da kamar santimita biyu da rabi. Aka lura cewa da ɗan gugan magagari yana shiga mazaunin wasu baburan Suzuki da Honda. Sai ga masu baburan Japan suna shiga shagon Harley, wurin da a da ko kallo bai ishe su ba, suna neman kayan gyaran babur ɗin da ba su mallaka ba.

Aikin kansa a ido ba wuya. Fil guda ne ke riƙe da mataki, da ɗan zobe a ƙarshensa, da sifirin da ke maido shi idan ya naɗe. Bakanike zai zare zoben, ya tura fil ɗin waje yana tare sifirin da babban yatsa don kada ya yi tsalle ya ɓace a ƙarƙashin benci, ya sa sabo. Minti goma. Abin da ke biyo baya shi ne aikin gaske. Sandar giya yanzu ta yi wa yatsu sama, sai an yi mata alama, a zare ta daga haƙoranta a sauke ta haƙori ɗaya, ko a juya sandar haɗi idan tana da ita. Birkin baya ma haka, a sassauta notin kulle a rage tsawon sandar da ke tura mai, amma a bar mata ɗan wasa, in ba haka ba birki zai riƙa kamawa a ɓoye har faifan ya yi zafi. Sai a dawo kan makunnin fitilar birki, wanda in an manta da shi fitilar za ta kasance a kunne kullum ko ta ƙi kamawa sam. A wasu babura sabon matakin na karo da ƙafar jingine babur, a wasu kuma diddigen takalmi ya matso kusa da salansa ya fara narkewa.

Akwai kuma farashin da ba a biya da kuɗi. Lissafi mai sauƙi ya nuna sauke mataki da santimita biyu da rabi na cinye wajen digiri 2 na kwanciya. Ga mai tafiyar hankali wannan ba komai ba ne, ga mai son kwana kuwa 'yar ƙusar gargaɗin da ke ƙarƙashin mataki za ta fara ƙara tun da wuri. Mafi haɗari shi ne na bogi. Ƙarfen da zai ɗauki ƙato a tsaye, babur na dukan ramuka, ba wurin neman araha ba ne, kuma alminiyam ɗin da aka zuba a gurguje ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, karyewa yake yi farat ɗaya. Shi ya sa tsofaffin hannu da yawa kan ce a fara da sirdi: a ƙara masa soso santimita 3, gwiwa ta buɗe daidai da yadda za ta buɗe in an sauke mataki, kwana kuma ba ta rasa komai ba. A baburan da suka cika titunan Kano da Maraɗi, irin su Boxer da Jincheng, kusan wannan ce ma hanya ɗaya tilo, domin matakan biyu a kan sanda guda suke wadda aka ɗaure a ƙarƙashin inji, ba sauran inda za su sauka. Dogon ɗan acaɓa wurin mai ɗinkin kujera yake zuwa, ko kuma ya ja da baya ya zauna a rabin wurin fasinja.

A hankali kamfanoni sun fara dawowa kan abin da baburan Ingila suka sani tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. BMW ta ba da sirdi mai hawa da sauka a R1100RS a 1993. Suzuki ta huda wa matakan GSX-R600 da 750 mazauni uku a 2006, KTM ta sa wa RC8 na 2008 mataki da hannu da sirdi masu motsi, Kawasaki kuma a 2015 ta fito da Vulcan S wanda dila ke daidaita wa mai saye matakai a ɗaya daga wuri uku kafin ya bar shago. Har yanzu waɗannan tsiraru ne a cikin ɗaruruwan samfura, domin kowane ƙarin rami da ƙarin noti kuɗi ne, kuma masu lissafin kamfani sun san dogo zai saya ko da an yi ko ba a yi ba.

Inda ba a sassauta ba ko kaɗan shi ne filin tsere, don a can ba mai sauke mataki ko da milimita ɗaya saboda jin daɗi. Dani Pedrosa na Sifen, mai santimita 158, ya shafe shekara 13 a babban rukuni na MotoGP tare da Honda, kuma babur ɗin da kamfanin ya fito da shi a 2007 ya yi ƙanƙanta har aka yi ta cewa a jikinsa aka auna. Loris Baz na Faransa kuwa santimita 191 ne. A 2014 ya kusa shiga ƙungiyar Aspar ta MotoGP, maganar ta wargaje, aka kafa hujja da cewa tsawonsa ya yi wa babur yawa. Wata ƙungiya mai suna Forward ce ta ɗauke shi a kan Yamaha, aka yi ta gyaran sirdi da matakai don a sama wa ƙafafunsa wuri, a watan Satumban 2015 kuma ya zo na huɗu a tseren Misano, ranar da ruwan sama ya sauko ana tsakar tsere ya kuma ɗauke kafin a gama.